Kwalin Ƙasan Tebur

Ranar da Komron ya fara ganin Mehri asara ya tafka, amma har aka tashi kasuwa yana murmushi shi kaɗai.

Ƙarshen sanyi ne, lokacin da samarin garinmu Khujand ke ɗaure jaka su nufi Rasha aikin gini. A irin wannan lokacin layin masu kayan wuta na kasuwar Panjshanbe ba ya shiguwa. Kowa na neman 'yar MP3 mai araha da memori cike da waƙoƙin gida, don tafiyar mota ce ta kwana da kwanaki, can kuma babu mai yi maka waƙa da harshen uwarka. Teburin Komron na ƙarƙashin matakala, tsakanin mai gyaran agogo da mai sayar da caja.

Ta tsaya, ta ɗauki wata ja mai girman kwalin ashana, ta jujjuya ta a tafin hannu.

"Nawa?"

"Somoni tamanin, ƙanwata. Har da memori, na cika shi da waƙa."

"Tamanin? Da mawaƙin za ka haɗa mini?"

Mai agogo ya tuntsire da dariya. Komron ya ɗago ya dube ta da kyau, daga nan kuma lissafi ya kwance masa. Ta kushe launin, ta kushe wayar iyafis, ta ce layin baya ana bayarwa rabin haka. Ta yi tafiyarta, ya kira ta, ta dawo, ta sake tafiya. Ta ce wa yayanta Suhrob za ta saya, jibi zai tafi, kuɗin ɗinkinta ne kuma ba tsinto su ta yi ba. A ƙarshe ya sallama a farashin da ko shi bai saro ba.

To, a layin nan kowa kwali biyu gare shi, na kan tebur da na ƙasan tebur. Kayan ciki kamarsu ɗaya, launi ɗaya, har rubutun China ɗaya. Na sama yakan yi shekara biyu. Na ƙasa, in ya ga sabon wata ya yi ƙoƙari. Wanda ya biya kuɗin kirki sai a ba shi na sama, wanda ya shaƙe ka a ciniki kuma sai ka sunkuya kamar mai neman leda. Ba wanda ke kiran wannan cuta a layin, ciniki ake ce masa.

Idon Komron na kanta, hannunsa kuma ya yi abin da ya saba. Sai da ta sa ledar a jaka ya gane daga inda ya ɗauko. Ya buɗe baki zai ce ta dawo da ita, kunya ta rufe shi. Abin da ya fito daban.

"Ba ni lambarki, saboda garanti."

"Ashe kayan layin nan na da garanti?"

"Yau aka fara."

Ta ba shi. Kafin ta isa gida saƙo ya riga ta.

"Sarauniyar ragi, kin isa lafiya? Ni dai ina nan ina jinyar aljihuna."

"Allah ya ba shi lafiya, Mai garanti. Gobe ma in na zo haka za ka sha."

Ranar tafiya, mahaifiyarsu Inna Anzurat ta miƙa wa Suhrob gurasa ya gatsa, ta rataye sauran a bango, yadda muke yi wa matafiyi don rabonsa ya jawo shi gida. Mehri ta sa masa iyafis a kunne da hannunta, ta kunna. Ya kaɗa kai yana kwaikwayon rawar tsofaffi har ubansu Usto Nazar, kafintan da dariya ke yi wa wuya, ya kawar da fuska yana murmushi.

Ba a yi sati biyu ba saƙo ya shigo wayar Komron daga lambar Rasha. Suhrob ya ga lambarsa a jikin ledar.

"Ɓarawo. Abinka ya mutu tun muna hanya, na dawo jin munsharin mutane. Kada ka gaya wa Mehri, murna take yi, na ce mata yana aiki ras. In na dawo za ka ba ni sabo, ka haɗa da shayi."

Komron ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya rubuta: "Wallahi Yaya, na ware maka mai kyau. Da shayi da sambusa." Ya ɗauki ɗaya daga kwalin sama ya ajiye gefe. Ya yi niyyar gaya wa Mehri da bakinsa, kullum sai ya ce gobe.

Lokacin zafi ya yi musu daɗi. Takan fito sayen zare ta biyo ta ƙarƙashin matakala, shi kuma ya bar wa mai agogo tebur, su taka zuwa bakin kogi su sha askirim a tsaye, da tazara tsakaninsu saboda idon gari. Ya koma kiranta Mehrijon, yadda muke ƙawata sunan wanda muke ƙauna.

"Mehrijon, in na turo Innata gidanku, sadakin ma ragi za ki nema mini?"

"Ƙari zan nema. Ka san ni, ba na yarda a cuce ni."

Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Ita ba ta lura ba, tana lasar askirim ɗin da ke zubo mata a yatsa. Suka bar magana a kan sai Suhrob ya dawo da sanyi.

Suhrob ya riga sanyin dawowa, cikin akwatin ƙarfe da aka liƙe.

A waje abin da aka faɗa shi ne babbar mota ta bi ta kansa a wurin aiki. A ɗakin ciki kuwa, mutumin da ya rako gawar ya sunkuyar da kai ya ƙara bayani. Ya ce motar na ja da baya, an yi ta yi masa ihu, amma kunnuwansa a toshe suke da waƙa. Ya ajiye jakar mamacin. A aljihun gefe ga 'yar jar MP3, an naɗe ta da wayarta.

Usto Nazar bai tambayi wanda ya saya ba, kowa a ɗakin ya sani. Ya ɗauke ta ya jefa cikin akwatin kayan Inna ya kulle, ya ce maganar nan kada ta wuce ƙofa.

Mata suka cika tsakar gida suna kuka da kiran sunansa, kamar yadda ya wajaba. Mehri na tsaye cikinsu da butar shayi. Ta jira kukan ya zo, bai zo ba. Ta matsa ido, ta tuno fuskarsa, ta tuno rawar da ya yi, shiru. Sai ta ci gaba da zuba shayi. Gwaggo Muhabbat, ƙanwar ubanta, ta mintsine ta a hannu ta ce, "Ke, ki yi ko na ƙarya ne, mutane na kallo." Mintsinin ma ba ta ji ba.

Suka sa shuɗin kayan makoki. Aka lulluɓe talabijin da zane. Shekara guda ba kiɗa, ba biki, ba maganar aure. Gurasar da ya gatsa na nan a bango, Inna ta hana a taɓa.

Komron ya zo ta'aziyya, ya bi layin maza a ƙofar gida, ya shafa addu'a ya tafi. Usto Nazar bai san ko shi wane ne ba. Da yamma ya rubuta mata.

"Mehrijon, Allah ya jiƙan Yaya. Ina nan."

Ba amsa. Ya sake bayan sadakar bakwai, ya sake bayan ta arba'in.

"Ko kalma ɗaya ce, ki ce mini kin ci abinci."

Tana ganin saƙonnin. Takan karanta su yadda ake karanta allon shago daga cikin mota, ta kife wayar ta koma kan keken ɗinki. Aiki bai tsaya ba, don amaren gari ba su shiga makoki ba. Ta ɗinka rigunansu masu ƙyalli, ta auna ƙugu, ta ce Allah ya sa alheri. Wata rana allura ta shige mata yatsa, sai da ta ga jini a farin yadi ta sani. Abinci duk ɗanɗanonsa ɗaya, ko an sa gishiri ko an manta. Ba ta jin haushin Komron, ba ta kewarsa. Abu ɗaya ta sani, kamar yadda mutum ya san sunansa: ita ta yi cinikin, ita ta sa masa a kunne.

Shi kuma Komron ya gama yanke wa kansa hukunci. A ganinsa kayan Suhrob sun dawo, ta gwada abin ta ga matacce ne, ko ta ga saƙon a wayarsa. Ta gane cewa kyautar ƙarshe da ta yi wa ɗan'uwanta shara ce, kuma shi ya sayar mata yana murmushi. Wace mace ce za ta amsa wa irin wannan? Ya rage rubutu. Ya ci gaba da zama ƙarƙashin matakala, sifika na ihu a kansa daga safe zuwa yamma, yana loda wa mutane waƙar da shi ba ya ji. Ya rame har mai agogo ya daina tsokanarsa.

Haka shekarar ta wuce, mutum biyu a gari ɗaya, kowa na riƙe da rabin labari.

Da aka yi sadakar shekara, dangi suka kawo wa matan gidan kaya masu haske, aka cire shuɗi, aka yaye zanen talabijin. Mehri ta sa rigar da aka miƙo mata. Da buhu aka miƙo, shi za ta sa.

Innar Komron ta gaji da kallon ɗanta yana juya cokali a shinkafa. Ta naɗe gurasa da alewa a farin zane, ta ɗauki 'yar'uwarta suka tafi neman aure. An karɓe su da shayi yadda ya kamata. Usto Nazar ya tambayi sana'ar yaron. Da aka faɗa, ya ajiye kofinsa.

"Ku yi haƙuri. Mai sayar da kiɗa ba zai shigo gidan nan ba."

Ƙunshin ya koma yadda ya zo, ba a kwance shi ba. Komron ya dube shi a kan tebur ya ce, "Na sani, Inna. Suna da gaskiya." Ta tambaye shi gaskiyar me, ya tashi ya fita.

Gwaggo Muhabbat dama tana da nata a hannu. Bahodur, mai kantin magani a bakin asibiti, mutum mai tsafta da natsuwa, wanda ko dariya zai yi sai ya duba agogo. Ba mugu ba ne, kada a ɗauki alhakinsa. Ya ga Mehri sau ɗaya ya ce jininta ya yi ƙasa, ya aiko da kwalbar maganin ƙarin jini. Usto Nazar ya kira 'yarsa, don shi ba mai yi wa 'ya dole ba ne.

"Me kika gani?"

"Yadda kuka gani, Baba."

"Ke nake tambaya."

"Duk ɗaya ne."

Ya daɗe yana kallonta. Inna Anzurat ta tashi ta shige kicin. Aka sa ranar Lahadi dangin Bahodur su zo a karya gurasa, wanda a wurinmu in an yi shi magana ta ƙare.

Ana saura kwana kaɗan Bahodur ya zo layin kayan wuta, ƙaddara kuma ta tsayar da shi ƙarƙashin matakala. Ya ce a loda masa waƙoƙin biki, masu natsuwa, ban da masu tsalle-tsalle.

"Ango ne ke nan?" in ji mai agogo. "'Yar wa ce ta yi sa'a?"

"'Yar Usto Nazar kafinta."

Mai agogo ya mayar da gilashinsa ido ya duƙufa kan aiki. Bahodur ya nemi ragi da ladabi, Komron ya rage masa, ya kuma ɗauko masa memori daga kwalin sama. Da ya tafi, Komron ya zauna da waya a hannu har shayinsa ya huce.

"Na ji labari. Allah ya sa alheri, mutumin kirki ne. Abu ɗaya nake roƙo, ki yafe mini abin da na sayar miki."

Bai sa ran amsa ba. Tana kan keke ta karanta, ta ga ba daidai ba ne wani ya ɗauki kayan da ba nasa ba. Ta rubuta masa.

"Kai ba ka da laifi, sayarwa ka yi. Ni na saya, ni na sa masa a kunne. Waƙa yake ji motar ta zo, bai ji ihun da ake masa ba. Ba a faɗa a waje. Kada ka sake rubutowa."

Komron ya karanta, ya sake karantawa. Sannan ya kashe sifika da rana tsaka, abin da layin bai taɓa gani ba, ya sunkuya ya jawo kwalin ƙasan tebur ya rungume ya fita.

Ya sami Usto Nazar a kan gadon katako na tsakar gida, ƙarƙashin inabi, yana wasa bakin kurfinsa na sassaƙa. Ya yi sallama, ya dafa ƙirji, ya ajiye kwalin.

"Kawu, ni ne Komron, wanda kuka mayar wa ƙunshi. Ban zo neman aure ba. Na zo in gaya muku ni macuci ne."

"Wannan ai ba sai ka taso tun daga kasuwa ba."

"Abin da Mehri ta saya daga cikin wannan kwalin na ɗauko. Kayan nan ba sa rai. Nata ko Rasha bai kai ba."

Ya buɗe wayarsa ya miƙa da hannu biyu. Tsohon ya sa tabarau. Lambar ya fara gani, lambar da har yau bai goge daga tasa wayar ba. Ya karanta a hankali, leɓɓansa na motsi. Da ya zo kan shayi sai ya tsaya, don haka ɗansa yake, ko zagi zai yi sai ya nemi a ba shi wani abu a kai.

Ya tashi ya shiga ɗaki, aka ji ƙarar makulli. Ya fito da 'yar jar MP3. Shekara guda tana kulle, ba wanda ya iya dubanta da kyau. Yanzu a hasken rana ga ta sumul, ko ƙwarzane babu, wayar a naɗe tsaf. Abin da ke jikin mutumin da babbar mota ta taka ba ya dawowa haka. Suka sa ta a caji, ba ta ko ƙyafta ba. Usto Nazar ya sa bakin kurfi ya ɓalle murfin, batirin ya kumbura ya yi tsatsa.

"Kawu, wanda ya rako shi, da idonsa ya gani?"

"Yana wani bene. Shugaban aikin ne ya gaya masa."

Duk gidan da ya taɓa tura ɗa can ya san dalilin da zai sa shugaban aiki ya ce laifin mamaci ne: don kada a biya diyya. Usto Nazar ya zauna, kamar an ƙara masa shekara goma.

"Ka cuci 'yata."

"Na cuce ta."

"Ka bar ɗana ya yi wannan doguwar tafiya ba ko waƙa ɗaya."

"Haka ne, Kawu."

"Ka kuma yi shiru shekara guda."

"Ban san abin da aka gaya muku ba. Da na sani, da ranar ta'aziyya zan faɗa a gaban kowa."

"Ɗauki sharar ka fita."

Ya ɗauki kwalin ya fita. Wayar ya bari a kan gadon, da gangan.

Mehri na bakin tagar ɗakin ɗinki, komai a kunnenta. Da ubanta ya shige, ta fito ta ɗauki wayar. "Kada ka gaya wa Mehri, murna take yi." Ta tuna duk kiran da ya yi mata, tana tambaya yana aiki, yana cewa ras, har yana rera mata waƙar da wai yake ji. Ta jira hawaye, ba su zo ba. Wani abu dabam ne ya taso mata daga ciki, mai zafi, har kunnuwanta suka ɗauka. Ta daɗe kafin ta gane sunansa. Haushi ne.

Washegari ta bayyana ƙarƙashin matakala, ta dangwara masa wayar a tebur.

"Ɓarawo."

"Na'am."

"Wata nawa na yi ina ɗinki na tara kuɗin nan? Ka dube ni ido cikin ido ka ce garanti."

"Na ce."

"Ka saya mini askirim da bakinka ƙunshe da wannan maganar. Shi ma maƙaryaci, ku biyu kuka haɗa kai kuna yi mini dariya."

"Ba dariya muke ba, Mehrijon."

"Kada ka ce mini Mehrijon."

Muryarta ta tashi har masu caja suka leƙo. Ta zage shi, ta zagi kwalinsa, ta zagi layin gaba ɗaya har da mai agogo da bai ci ba bai sha ba. Komron na tsaye, kansa a ƙasa, zuciyarsa kuma fal farin ciki, don rabon da ya ji ta da rai haka tun Suhrob na duniya. Da ta gaji ta zauna a kan kujerar masu jiran lodi. Ya zuba mata shayi, ta kurɓa ta yamutsa fuska.

"Wannan shayin ya yi ɗaci."

"Jiya ma haka yake."

Ta riƙe kofin da hannu biyu. Da ta sake magana, a hankali ta yi.

"Komron, kada ka ɗauka na warke. Ban sani ba ko ina sonka. Ban san ko ina son wani abu a duniya ba. Cikina kamar ɗakin da aka kwashe kaya. Amma shekara guda ban ji komai game da kowa ba, sai kai da na ji kamar in shaƙe."

"Na karɓa a haka."

"Ba ka neman ƙari?"

"Na taɓa yin ciniki da ke, na san ƙarshensa."

Bakinta ya ɗan motsa, bai kai murmushi ba.

Da kanta ta je kantin Bahodur ta ba shi haƙuri. Ya saurare ta, ya gyara kwalaben da ke gabansa, ya ce ya gode da ta faɗa kafin a karya gurasa, ta kuma ci gaba da shan maganin. Gwaggo Muhabbat ta yi fushin wata guda.

Usto Nazar ya fi wuya. Ya ce jiya ya ƙi yaron don yana sayar da kiɗa, yau ya ƙi shi don ko kiɗan ma na ƙarya yake sayarwa. Mehri ba ta roƙe shi ba. Ta dai ce, "Baba, kun tambaye ni na ce duk ɗaya ne. Yanzu ba ɗaya ba ne." Inna Anzurat ce ta ƙarasa aikin, wata safiya tana miƙa masa shayi.

"Yaron nan ya san in ya faɗi gaskiya ya rasa ta, ya zo ya faɗa. Wanda ya kashe mana ɗa ko sunansa ba mu sani ba. A kan wannan za ka huce?"

Ya shanye shayinsa ya tashi. Amma bayan kwana biyu aka gan shi a layin kayan wuta, yana tafe da hannu a baya. Ya tsaya gaban Komron, ya sunkuya da kyar ya leƙa ƙasan tebur. Babu komai sai tsintsiya da butar shayi.

"Ina kwalin?"

"Na zubar, Kawu."

"To da me za ka ciyar da iyali, tunda gaskiya ba ta ci a layinku?"

"Da kaɗan."

Tsohon ya miƙe yana dafa ƙugu. "Ka ce wa Innarka ta dawo da ƙunshinta. Ta sake gurasar, waccan ta bushe."

Aka karya gurasa, aka sa rana bayan tsinkar inabi. Saƙonni suka dawo, ba da yawa kamar da ba.

"Sarauniyar ragi, me kika ci yau?"

"Shinkafa. Inna ta cika gishiri."

"Alhamdu lillahi."

"Gishirin kake wa godiya?"

"Shi."

Ranar biki masu kakaki da ganga suka tsaya a ƙofa, unguwa ta cika, tukunyar shinkafa ta ƙare aka ɗora wata. Mehri ta zauna cikin rigar da ta ɗinka da hannunta, ta yi duk abin da aka ce, ta rusuna inda ake rusunawa. Tana kallon bikin kamar na maƙwabta. Matan da suka tuna ranar makoki suka fara raɗa, wai wadda ba ta yi wa ɗan'uwanta kuka ba, ai barin gida ba zai sa ta ba.

Lokacin fita ya yi. A al'ada ɗan'uwan amarya ne ke riƙe hannunta ya kai ta bakin mota. Ba wanda ya yi tunanin wannan sai da aka zo ƙofa. Aka yi cirko-cirko, wani ya ce a kira ɗan Gwaggo Muhabbat, wani ya ce yana wajen tukunya. Mehri ta miƙa hannunta gefe, yadda amare ke yi, ta bar shi a iska tana jira.

Usto Nazar ne ya kama shi.

Da ta ji tafin ubanta mai kaushi, sai wani sauti ya fito mata wanda ita ma ba ta san nata ba ne. Ta faɗa ƙirjinsa. "Yaya," take cewa, "Yaya Suhrob." Kwalli ya zubo a farar riga. Na nesa suka gyaɗa kai, suka ce amarya ta yi kukan barin gida mai kyau. Na kusa suka ji sunan da take kira, suka rufe baki da mayafi. Inna Anzurat ta rungume su su biyun.

Komron ya ɗaga wa makaɗa hannu, suka yi shiru. Direba ya kashe mota. Ba wanda ya ce a yi sauri.

Da ta ɗan lafa, Usto Nazar ya ɗaga hannuwa, gemunsa a jiƙe, jama'a suka ɗaga.

"Allah ya jiƙan wanda ya kamata ya tsaya a nan. Allah ya ba waɗannan biyun zaman lafiya, ya ba su 'ya'ya masu albarka, ya ba 'ya'yan abin yi a garinsu. Ku tsufa tare."

Aka shafa. Ya taka da ita har bakin mota, ya sa hannunta a na Komron.

"Ga ta nan, ɗana. Kukan bai ƙare ba, da saura. Kada ka hana ta."

Bai hana ta ba. Ta yi kukanta a kafaɗarsa tun daga ƙofar gidansu har suka haye gada, yana riƙe da hannunta, ita ma ta riƙe nasa gam. Allah ya bar su tare.